Buɗewar Ƙarshe ta Gadar Majema

Duk wanda ya bi ta Titin Majema yau, a mota ko a kan keke, ba zai san ya haye gada ba sai in ya leƙa ta gefe ya ga ruwa. Siminti ne shimfiɗe da ƙarfen dafawa mai ruwan toka. Amma shekara talatin da ɗaya mahaifina, Teunis Verkaik, yana ɗaga wannan wuri sama yana sauke shi, kuma in ya ɗaga, babu mahalukin da ya isa ya wuce sai ya sauke.

A lokacin gadar katako ce, fara fat. Dogayen ginshiƙai biyu ne a bakin ruwa, an gicciya musu manyan gumagumai biyu a sama kamar sandar sikeli. Gaban gumaguman na riƙe da daɓen gadar da sarƙoƙi, bayansu kuma na ɗauke da wani akwati cike da guntayen ƙarfe. In aka ja sarƙar da ke reto daga akwatin, sai akwatin ya yi ƙasa, daɓen ya miƙe tsaye, jirgi ya wuce. Rafin namu haƙa shi aka yi tun zamanin kakanni, kuma baki ɗaya gare shi. Daga babban kogi yake shigowa, ya bi ta ƙarƙashin gadar, ya je ya tuƙe a bayan tsohuwar majema. Duk jirgin da ya shiga ta hannun Baba, ta hannunsa kaɗai zai fita.

Baƙi kan ɗauka aikin ƙarfi ne, har su riƙa neman wani ƙato a wurin. Sai su ga Baba, siriri, mai dogon wuya, wanda rigar aikin ma ta yi masa yawa. Sirrin yana cikin akwatin. Katako na shan ruwa ya yi nauyi, ya sha rana ya yi sauƙi, don haka kowace safiya kafin ya taɓa kofi sai ya fita ya dubi sama, ya shafa daɓen da tafin hannu, ya hau tsani ya ƙara ƙarfe biyu ko ya cire ɗaya. In ya gama, da hannu ɗaya yake jan sarƙar, ɗayan yana aljihu. Yakan ce duk mai tsaron gadar da ka ga yana gumi, bai san aikinsa ba.

Ba zan yi ƙarya in ce mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya fara'a, ba ya hira, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ya ƙara tsuke bakinsa. Dokarsa ɗaya ce: jirgin da ya busa ƙaho sau uku a buɗe masa. Likita ya sha tsayawa yana cizon yatsa. Limamin cocinmu ya taɓa makara wajen ɗaura aure, ya sauka daga kan kekensa ya yi wa Baba wa'azi a kan jinƙai, Baba ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, akwai wani jirgin a bayan wannan." Unguwa duka ta zage shi, unguwa duka kuma ta ci moriyarsa, don duk wanda ya makara a wurin aiki ko a gida, cewa yake an ɗaga gada. Ni kaina na yi wannan ƙarya a gidan wankin da nake aiki fiye da sau goma. Wata mata ta taɓa zuwa ta tambaye shi ko gaskiya ne shi ya tsare mata miji har abinci ya huce. Baba bai ce miji ya yi ƙarya ba. Ya ce, "Ni dai tun ƙarfe huɗu ban taɓa sarƙa ba."

Cikin matuƙan jiragen dako akwai wanda ba sa ga maciji da shi, wato Douwe Hiemstra, mutumin Friesland, can arewacin ƙasarmu Holland, mai kawo dankali. Shi da matarsa Sjoukje a cikin jirgin suke zaune, ba su da ko ɗaki a tudu. Rigimar ta samo asali ne tun ina goye. Douwe ya busa ƙaho daidai lokacin da masu ɗauke da gawa suke tsakiyar gada, kuma wannan ne kaɗai abin da Baba yake bari ya riga jirgi. Ya tsaya har mutum na ƙarshe ya haye. Douwe, da bai hango gawar ba, ya cika ya batse. Da Baba ya zura masa takalmin katakon nan da ake ɗaurawa a sandar fatsa don a jefa kuɗin wucewa, sai Douwe ya dawo da shi da ɗanyen kifi a ciki, da ransa, yana wutsil-wutsil. Daga ranar suka ƙulla gaba.

"Sarkin jinkiri, ka farka?" Douwe zai ce daga ƙasa.

"Wuce da ruɓaɓɓen kwanonka kafin ya nutse ya tare mini hanya," Baba zai amsa daga sama.

Shekara kusan talatin ana haka, duk mako biyu. Ni Kawu Douwe nake ce masa, kuma Gwaggo Sjoukje ba ta taɓa wucewa ba ta cillo mini tuffa ko alewa ba.

A bazarar 1964 aka manna sanarwa a jikin ɗakin gadi. Motoci sun yi yawa, jirage sun ragu, majema ta daɗe da rufewa. Za a daina buɗe gadar ranar Asabar, ashirin ga Yuni, da ƙarfe goma sha biyu na rana, a sauke ginshiƙai da gumagumai, a ɗaure daɓen a ƙasa har zuwa lokacin da za a gina gadar siminti. Duk mai jirgi a cikin rafin ya fitar da shi kafin lokacin. Baba ya karanta sau ɗaya, ya shiga ya ɗora ruwan kofi. Daga ranar ya daina gama abincinsa.

Jirage suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya har saura na Douwe. Injinsa ne ya mutu bayan ya sauke dankali, ya kwance shi gunduwa-gunduwa yana jiran wani ƙarfe da za a aiko masa daga arewa. Fita babban kogi ba inji kasada ce, don haka ya yi zamansa. Bai damu ba, mu ma ba mu damu ba. A ƙasarmu in takarda ta ce Asabar sha biyu, to Asabar sha biyu ce.

Ranar Alhamis aka kira Baba ofis a ba shi takardar yabo. Ya sa kwat ɗinsa na coci ya tafi, aka ba shi kofi da kek, aka yi jawabi. Kafin ya dawo an gama ɓarnar. Ma'aikatan hanya sun gama shimfiɗa kwalta a layin da ke bayanmu, sai suka ga ta yi saura a tukunya, da zafinta. Mu kuwa mutanen Holland, gara a ce mun yi kisan kai da a ce mun zubar da abin da ya yi saura. Shugabansu, wani mai suna Kuyt, ya ce ai dama mako mai zuwa za a lulluɓe daɓen gadar don motoci, me zai hana a yi yanzu a huta. Suka kafa faranten ƙarfe a kan katakon, suka malala kwalta a kai, suka daddaɓe, suna ta murna sun riga lokaci.

Ina dawowa daga aiki na tarar da Baba a tsaye cikin kwat ɗinsa, takardar yabo a naɗe a hammata. Ya miƙa mini ita, ya kama sarƙa da hannu ɗaya. Ko gezau. Ya sa hannu biyu. Ya rataya gaba ɗaya har ƙafafunsa suka bar ƙasa, gadar ko motsi ba ta yi ba. Tun da nake ban taɓa ganin ya kama sarƙar nan da hannu biyu ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da mutane suka gani.

Kuyt ya zo yana goge hannu. "Maigida, kwana biyu ne fa kawai bambancin. Ai jirage duk sun fita."

"Saura ɗaya," in ji Baba.

Kuyt ya waiga ya hango jirgin Douwe can ƙarshen rafi, da wanki a shanye a kan igiya. Na ga fuskarsa ta canja. Ba mugu ba ne, rowa ce ta ja shi. Ya ce cire faranten zai ci mako guda, motar da za ta sauke ginshiƙan kuma an riga an yi hayarta ranar Asabar, ba shi da ikon ɗage ta. Ya ce ko za a yanke ɗakin tuƙin jirgin a tura shi ta ƙarƙashi.

"Ka taɓa duba ƙarƙashin gadar nan?" in ji Baba. "Mai kwalekwale ma sai ya sunkuya."

Kowa ya gane abin da ke nan. In gadar ba ta tashi ba, jirgin zai zauna a rafin har ya ruɓe, ko a farfasa shi a sayar wa masu gwangwan. Douwe na da shekara sittin da biyu, kuma a cikin jirgin aka haife shi.

Da yamma Douwe ya tako har ɗakin gadi, abin da bai taɓa yi ba. A tsaye a tudu sai na ga ashe gajere ne. Ya dubi kwaltar, ya dubi Baba.

"To, ka samu yadda kake so, ka kama ni," ya ce.

"In riƙe ka in yi me da kai? Yaushe ƙarfenka zai zo?"

"Gobe da yamma."

"Ka haɗa injinka. Jibi ka busa kamar kullum."

"In na busa fa ba ta tashi ba?"

"Ka taɓa busawa ba ta tashi ba?"

Douwe ya juya ya tafi.

Ranar Juma'a na ƙi zuwa aiki. Baba ya aro amalanke, muka shiga bin gida-gida neman nauyi. Wannan shi ne abin da ya fi masa wuya, don mutum ne da ko gishiri bai taɓa roƙa a wurin maƙwabci ba. Muka fara da Aagje Bol mai cuku, wadda ta fi kowa baki a layin.

"Lale, yau gada ce da kanta ta zo shagona," ta ce. "Teunis, ashe kana da ƙafar zuwa gidan mutane."

"Duwatsun awonki nake so, zuwa gobe da rana."

"In auna cuku da me, da idona? Ka tuna ranar da ka tsare ni da man shanu a rana har ya narke mini a kwando?"

"Na tuna. Jirgin yashi ne."

"Ji shi, har jirgin ya sani." Ta juya gare ni. "Neeltje, wai don wancan mai dankalin ne? Ba shi ne yake zagin ubanki ba?"

"Shi ne, Gwaggo," na ce.

Ta yi tsaki, ta shiga ciki, ta fito da duwatsun duka har da babban da take tokare ƙofa da shi. Daga nan labari ya riga mu. Maƙeri ya ba da uwar maƙerarsa. Gidan wankinmu suka ba da duwatsun guga goma sha huɗu. Mata suka fito da murafen murhu da tsofaffin tukwanen ƙarfe, kowacce sai ta tuna wa Baba ranar da ya tsare ta, shi kuma ya gaya mata jirgin da ya wuce a ranar. Douwe ya aiko da angar jirginsa, ƙaton ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi.

Baba bai zuba su haka kawai ba. Kowane ƙarfe sai ya ɗaga ya ji nauyinsa a hannu, ya hau tsani ya jera shi, ya sauko ya kanga kunne a jikin ginshiƙi. Da akwatin ya cika ya ɗaure anga da uwar maƙera a ƙarƙashinsa. Ya ja sarƙa, daɓen ya ɗan girgiza ya koma. Akwai sauran kaya a amalanke, amma ya ce a bar su.

"Gumaguman nan sun girme ni," ya ce mini. "In na ƙara mataccen nauyi za su tsage. Sauran nauyin sai wanda zai iya saki in na ce a saki."

"Wane nauyi ne ke saki, Baba?"

"Mutane," ya ce, ya yamutsa fuska kamar ya sha magani.

Asabar ta waye da rana mai kyau. Baba ya ɗaura igiyoyi huɗu masu kauri a bayan gumaguman, suka zubo har ƙasa. Ban gayyaci kowa ba, shi ma bai gayyata ba, amma kafin ƙarfe goma sha ɗaya titin ya cika. Motar sauke ginshiƙai ta iso ta tsaya a gefe. Sha ɗaya da kwata muka ji inji ya yi tari can ƙarshen rafi, ya mutu, ya sake tari, ya kama. Jirgin ya taho a hankali, Gwaggo Sjoukje a gaba riƙe da doguwar gora. Douwe ya busa ƙaho sau uku.

Baba ya juya ya fuskanci jama'a. "Ba na son fizga. Ba ja za ku yi ba, nauyinku kawai za ku sakar mata. In na ce a saki, a saki, ko da wa ke ƙasa."

"Yau kuma mu ne ma'aikatanka," in ji Aagje Bol, tana tofa yawu a tafin hannu. Ita kaɗai ta kai nauyin maza biyu, kuma ranar babu wanda ya yi mata ba'a a kai.

Mutum goma-goma suka kama kowace igiya. Likita na ciki, da limamin coci, da mijin nan da ƙaryarsa ta tonu. Kuyt ya tsaya yana duba agogo, sai na ga ya cire kwat ya miƙa wa direban motar, ya shiga bayan maƙeri. Baba ya kama sarƙarsa da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗora a jikin ginshiƙi. Ya ce, "To."

Da farko ba abin da ya faru sai kukan katako. Sannan kwaltar ta tsage daga gindin daɓen da wata ƙara kamar an yaga sabon yadi. Bakin gadar ya rabu da tudu da faɗin tafin hannu. Baba ya ce a tsaya. Muka tsaya a rataye, hannuwa na zafi, shi kuwa yana sauraren ginshiƙinsa, idonsa a rufe. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san likita ya fara nishi. Ya buɗe ido ya ce a ci gaba. Daɓen ya tashi, baƙi ƙirin, yana zubar da tsakuwa cikin ruwa, har ya miƙe tsaye.

Babu wanda ya yi ihu, don kowa na riƙe da igiya. Jirgin ya shigo tsakanin bangayen biyu, gefensa na kusan gogar dutse. Da ɗakin tuƙi ya zo daidai inda Baba yake, sai Douwe ya rage inji, ya leƙo.

"Kai, sarkin jinkiri. Ka taɓa bi ta nan?"

"Wuce, mutane sun gaji."

"Tambayarka na yi. Ka taɓa bi ta cikinta tana buɗe?"

Baba ya dubi sarƙar da ke hannunsa. Ni ma sai a lokacin abin ya faɗo mini. In gadar na buɗe, shi yana kan sarƙa. In ba ya kan sarƙa, gadar na rufe. Dubban jirage ya wuce da su, shi bai bi ko sau ɗaya ba.

"Mai gada ba ya barin sarƙa," ya ce.

"Nan da rabin awa ba gada, ba sarƙa. Diro, ko in kashe inji a nan mu kwana."

"Teunis, hannuna zai cire," in ji Aagje Bol daga kan igiya. "Ka hau mu huta, don Allah."

Baba ya dube ni. Na saki igiyata na matso. Ya ɗauki hannuna ya ɗora a kan sarƙar, daidai inda ƙarfen ya yi sulɓi saboda tafinsa. "In ya fita, igiyar hagu za a fara saki, mutum ɗaya-ɗaya. Kada ki bari ta faɗi, Neeltje. Ajiye ta za ki yi."

Ya taka ya sauka kan jirgin. Douwe ya ƙara wuta kaɗan. Na ga mahaifina a tsaye a kan murfin rumbun dankali, ya ɗaga kai sama, hularsa a hannu, bakinsa a ɗan buɗe, yana juyawa a hankali yayin da gadar ke wucewa ta gefensa. Jirgin ya fita babban kogi saura minti ashirin sha biyu ta cika.

Na yi yadda ya ce. Na riƙa kiran sunaye ɗaya-ɗaya suna saki, daɓen na saukowa, har ya zauna a mazauninsa ba tare da ƙara ba. Hawaye na zuba, kuma ban ji kunyar kowa ba. Ban taɓa alfahari da wani abu kamar yadda na yi da mahaifina a ranar ba.

Douwe bai sauke shi ba sai a matsayar jirage da ke bayan gari, don haka sai wajen ƙarfe uku ya dawo a ƙafa. Kafin nan an sauke ginshiƙan, suna kwance a gefen titi, mata na ta tsintar duwatsun gugarsu. Bai tsaya kallo ba. Ya shigo gida ya rataye hula, ya zauna, na zuba masa miya. Ya shanye tas, ya miƙo kwanon na ƙara.

Na ce, "Baba, ya ka gan ta?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Daga sama katako ne da sarƙa," ya ce. "Daga ƙasa kuwa, sai ka ga gari duka ya tsaya cak, an buɗe maka hanya kai kaɗai. Ban san abin da nake ba su ke nan ba."